Farashin Sihiri: Tarihin Littattafan Ƙarin Dokoki a Wasannin Labari na Kan Tebur

Wasan labari na kan tebur wani nau'in wasa ne da ya bayyana a Amurka a farkon shekarun 1970, inda mutane kaɗan kan zauna kewaye da tebur su gina labari guda tare, kowannensu yana riƙe da tauraro ɗaya, wato mutumin cikin labari wanda shi ne zai yi magana da bakinsa, ya kuma zaɓar masa abin da zai aikata. Ɗaya daga cikin mazauna teburin, wanda ake kira alƙalin wasa, shi ke bayyana duniyar da labarin yake gudana a cikinta da abokan gaba da ke cikinta, kuma duk lokacin da wani tauraro ya yunƙura yin abin da zai iya yiwuwa ko ya gagara, sai a jefa ƙwaya mai lambobi, irin ta wasan ludo sai dai wasu suna da fuska 8 ko 12 ko 20, a duba hukuncin da littafin dokoki ya tanada ga lambar da ta fito. Sihirin da ake magana a kansa a irin wannan wasa ƙage ne irin na tatsuniya, domin bai wuce lambobi da bayanai a kan takarda ba, kuma mai wasa ba ya karanta wani surkulle ko ya haɗa wani magani, illa dai ya ce tauraronsa ya jefa asiri kaza, alƙali ya faɗi abin da ya biyo baya.

Littafin ƙari kuwa shi ne littafin da ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai an haɗa shi da babban littafin dokoki, aikinsa shi ne ya faɗaɗa wani sashe na wasan ko ya musanya shi da wani tsari. A cikin irin waɗannan littattafai, na sihiri suna daga cikin mafiya yawa da mafiya jawo gardama, kuma dalilin haka a bayyane yake. Mai tsara dokar takobi ko kibiya ko gudun doki yana da abin da zai auna da shi a zahiri, amma mai tsara dokar sihiri ba shi da ma'auni ko ɗaya, saboda haka dole ya ƙirƙiro amsar tambayoyi uku da kansa: me masihirci zai iya yi, me zai biya kafin ya yi, kuma ina ƙarfinsa ya tsaya. Tarihin waɗannan littattafai na kimanin shekaru 50 tarihi ne na amsoshi mabambanta ga waɗannan tambayoyi, musamman ta tsakiyar, tare da tasirin kasuwa wadda a kullum take neman a ƙara wa masihirci ƙarfi domin littafi ya sayu.

Daga fagen yaƙi zuwa kogon dodanni

Tushen wannan wasa yana cikin wasannin yaƙi na kan tebur, waɗanda sojojin Furushiya suka rungumi wani nau'insu a 1824 domin horar da hafsoshi, inda alƙali yake yanke hukuncin abin da ya faru tsakanin rundunoni biyu bisa jadawali da ƙwaya. Daga baya abin ya zama sha'awar fararen hula, har marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya wallafa dokokin wasa da 'yan sojojin ƙarfe a 1913. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail, littafin dokokin yaƙin Turai na zamanin sulke da dawakai, kuma a ƙarshensa suka rataya wani ɗan sashe na ƙari wanda ya shigo da dodanni da jarumai da masihirta. Masihircin wannan rataye bai wuce makamin nesa ba, domin an auna ƙwallon wutar da yake jefawa da majaujawar jifan ganuwa, tsawar da yake saki kuma aka auna ta da igwa. Ke nan dokar sihiri ta fara rayuwarta ne a matsayin ƙari tun kafin a haifi wasan da zai shahara da ita.

A daidai wannan lokaci Dave Arneson, a yankin Minneapolis, ya fara gudanar da wasa inda kowane mutum yake riƙe da tauraro ɗaya maimakon runduna, suna kutsawa cikin kogunan ƙarƙashin wata fada mai suna Blackmoor. Haɗuwar aikinsa da na Gygax ita ta haifi Dungeons & Dragons, wanda kamfanin TSR na garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ya fitar a Janairun 1974, a ƙananan littattafai uku cikin akwati, bugun farko kwafi 1,000. Tsarin sihirinsa an aro shi ne daga ƙagaggun labaran Jack Vance, musamman The Dying Earth na 1950, inda masihirci yake haddace asirai 'yan kaɗan daga littafinsa, kuma da zarar ya jefa ɗaya sai ya goge daga ƙwaƙwalwarsa har sai ya sake zama ya haddace. Farashin sihiri a nan ƙaranci ne da tanadi: sabon masihirci asiri ɗaya tak yake da shi a yini, ba ya sa sulke, ba ya riƙe makamin da ya wuce wuƙa, kuma dole ya zaɓi abin da zai haddace tun bai san abin da zai tarar a gaba ba. Wannan tsari ya dace da 'yan wasan yaƙi domin ya mayar da asiri tamkar harsashi mai ƙidaya, amma bai yi kama da sihirin da yawancin masu karanta labarai suka saba gani ba, kuma daga wannan giɓi ne kasuwar littattafan ƙari ta samu ƙofa.

Ƙari na farko da martanin masu wasa

Kamfanin TSR da kansa ne ya fara. Greyhawk, na Gygax da Rob Kuntz, ya fito a 1975 ya ɗaga asiran masihirci daga mataki na 6 zuwa na 9, ya shigo da irin asirin da ke tsayar da lokaci da wanda ke cika wa mutum burin da ya faɗa. Eldritch Wizardry na 1976, na Gygax da Brian Blume, ya ƙaro masihircin daji mai hulɗa da itatuwa da dabbobi, da shaiɗanu masu sunaye, da kayan sihiri na musamman waɗanda kowannensu guda ɗaya ne a duniyar wasa kuma yana cutar da mai riƙe da shi, sannan ya kawo ƙarfin tunani, wato iko da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa wanda ake ƙidaya shi da maki maimakon hadda. Tun daga waɗannan biyun aka ga siffofin da za su bi wannan sana'a har yau, wato sababbin asirai, da sababbin nau'o'in masihirta, da kayan sihiri, da wani tsari na daban da aka liƙa a gefen na asali.

Masu wasa ba su jira kamfani ba. Ken St. Andre na birnin Phoenix ya fitar da Tunnels & Trolls a 1975, inda kowane asiri yake cin wani adadi daga ƙarfin jikin masihirci, ƙarfin kuma ya dawo da hutu. A wannan shekarar ce Lee Gold ta fara Alarums & Excursions a Los Angeles, mujallar da masu wasa suke rubutawa da kansu, wadda ta zama dandalin muhawara a kan tsarin maki, wato a ba masihirci rumbun ƙarfi ya riƙa ɗiba yadda ya ga dama. The Arduin Grimoire na David Hargrave, wanda ya fito a Kalifoniya a 1977 ba tare da izinin TSR ba, ya yi amfani da irin wannan rumbu da sunan mana, kalmar da masana al'adu suka ɗauko daga harsunan tsibiran tekun Pasifik, kuma ita ce daga baya ta mamaye wasannin kwamfuta. Amfanin maki shi ne sassauci, aibinsa kuma shi ne masihirci kan gano asiri ɗaya mafi riba ya yi ta maimaita shi, abin da tsarin hadda yake hanawa. A nasa ɓangaren Gygax ya ƙara tsaurara nasa tsarin a Players Handbook na 1978, inda ya sharɗanta wa kowane asiri furuci ko motsin hannu ko wani kaya, har ƙwallon wuta ya zama sai da kashin jemage da farar wuta, ta yadda za a iya hana masihirci aiki ta hanyar ɗaure masa hannu ko ƙwace jakarsa.

Littattafan da suka sake gini daga tushe

Daga 1978 zuwa 1981 an sami littattafai uku waɗanda ba ƙarin asirai kawai suka kawo ba, sun sake tambayar daga inda sihiri yake fitowa. Na farko shi ne Authentic Thaumaturgy, wanda kamfanin Chaosium ya wallafa a 1978, marubucinsa kuma Isaac Bonewits, mutumin da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta ba digiri a fannin nazarin sihiri a 1970. Ya gina littafin a kan abin da masana al'adu irin su James Frazer suka kira dokokin sihiri, wato imanin al'ummomi da yawa cewa abu yana tasiri a kan mai kama da shi, kuma abin da ya taɓa jikin mutum, kamar gashi ko tufa, yana ci gaba da alaƙa da shi. Lissafinsa ya yi wa tebur nauyi, amma ya buɗe hanyar ɗauko tsarin wasa daga nazarin al'adu maimakon daga ƙagaggun labarai kaɗai.

Na biyu shi ne Cults of Prax na 1979, wanda Steve Perrin da Greg Stafford suka rubuta wa wasan RuneQuest. A duniyar wannan wasa kusan kowa yana da ɗan ƙaramin asiri, amma babban iko yana hannun ƙungiyoyin bauta na ƙagaggun alloli, kuma littafin ya bayyana kowace ƙungiya da tatsuniyar asalinta, da matakan shigarta, da abin da take karɓa daga dukiya da lokacin mabiyinta, da abin da ta haramta masa, da waɗanda take gaba da su. Farashin sihiri a nan ya zama biyayya da wajibai na zaman jama'a, domin wanda ya saɓa wa ƙungiyarsa zai rasa ikonsa, a kuma aiko masa da mai ɗaukar fansa. Wannan ne ya nuna wa marubuta cewa littafin dokokin sihiri yana iya zama littafin bayanin al'umma a lokaci guda.

Na uku shi ne Spell Law na 1981, daga kamfanin Iron Crown Enterprises na jihar Virginia, wanda aka tsara shi domin a cire tsarin sihirin kowane wasa a dasa shi a gurbinsa. Ya ƙunshi asirai fiye da 2,000 da aka jera cikin jerin gwano masu alaƙa, ta yadda masihirci yake koyon jeri guda, misali na wuta, ya fara da ƙaramin aiki ya hau zuwa babba yayin da yake ƙwarewa. Ya kuma raba sihiri gida uku bisa tushensa: wanda ake ɗiba daga ƙarfin da ke kewaye da halittu, da wanda ake samu daga abin bauta, da wanda ke fitowa daga tunanin mutum, kowanne da abin da ke toshe shi, kamar yadda hular kwano take hana na ukun aiki. Daga baya aka haɗa shi da 'yan uwansa na dokokin makamai aka sami cikakken wasa mai suna Rolemaster, abin da ya nuna cewa littafin ƙari yana iya girma har ya zama gida mai zaman kansa.

Shekarun zargi

A shekarun 1980 waɗannan littattafai sun fuskanci suka daga wajen da'irar masu wasa. Ɓatan wani ɗalibin Jami'ar Jihar Michigan a 1979, wanda jaridu suka danganta da wasan kafin ya bayyana cewa ba shi ne sanadi ba, ya sa sunan Dungeons & Dragons ya shiga kowane gida. A 1983 Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan bayan rasuwar ɗanta, a 1984 mawallafin ƙasidun wa'azin Kirista Jack Chick ya fitar da wata ƙasida da ke nuna wasan a matsayin ƙofar shiga tsafi na gaske, a 1985 kuma shirin talabijin na 60 Minutes ya tattauna batun. Kotu ta kori ƙarar da Pulling ta shigar, amma matsin ya yi tasiri, domin bugu na biyu na faɗaɗɗen nau'in wasan, wato Advanced Dungeons & Dragons ya fito a 1989 babu shaiɗanun cikinsa, kuma da aka dawo da su bayan shekaru biyu sai aka laƙaba musu ƙagaggun sunaye. Daga nan ya zama al'ada ga mawallafa da yawa su rubuta a farkon littafi cewa abin da ke ciki ƙage ne don nishaɗi.

Sihiri a matsayin ilimi da haɗari

Ƙarshen shekarun 1980 ya zo da tsare-tsaren da suka fi zurfi. GURPS Magic, wanda kamfanin Steve Jackson Games na birnin Austin a Teksas ya fitar a 1989, ya ɗauki kowane asiri a matsayin fasaha da ake koya kamar kowace sana'a, yana gajiyar da mai yin sa, kuma ba a kai ga babba sai an bi ta ƙanana. Mai son jefa ƙwallon wuta dole ya fara iya kunna wuta, sannan ya iya samar da ita daga babu, ya kuma iya sarrafa siffarta. Farashi a nan shekarun karatu ne da gajiyar jiki, kuma wuri ma yana da hukunci, domin akwai ƙasashen da ƙarfin sihiri ya yi yawa a cikinsu da waɗanda babu shi sam. Kamfanin ya ci gaba da fitar da madadin wannan tsari, har a 2008 ya tattara su cikin GURPS Thaumatology na Phil Masters, littafin da ke koya wa alƙalin wasa yadda zai gina nasa tsarin da kansa.

Ars Magica, na Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen, wanda ya fito a 1987, ya bi wata hanya dabam, domin ya mayar da sihiri nahawu. Akwai aikatau biyar, wato ƙirƙira da fahimta da sauyawa da rusawa da sarrafawa, da sunaye goma da suka haɗa da wuta da ruwa da iska da ƙasa da jiki da tunani da dabba da tsiro, kuma duk asirin da aka yi haɗin ɗaya ne daga can da ɗaya daga nan, ta yadda mai wasa zai iya ƙago abin da babu shi a littafi nan take, alƙali ya auna wahalarsa. Wasan ya ajiye batun daidaito tsakanin taurari gaba ɗaya, ya yarda cewa masihirci ya fi kowa ƙarfi, sai ya sa farashin ya zama lokaci da kaɗaici: yana shafe watanni a ɗakin bincike, mutane da dabbobi suna ƙyamar kusantarsa, kuma yana ƙarƙashin dokokin ƙungiyarsa a Turai ta ƙarni na 13. Tun da tsarin ba ya buƙatar dogon jerin asirai, littattafan ƙarinsa sun karkata ga bayanin wasu al'adun sihiri, daga na bokayen ƙauye zuwa na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka.

Wasu wasannin sun sa farashin ya zama haɗari. A Call of Cthulhu na 1981 karanta littafin sihiri yana rage wa tauraro hankali har ya kai ga hauka. A Shadowrun na 1989 kowane asiri yana dukan jikin mai jefa shi, kuma littafin ƙarinsa The Grimoire, na Paul Hume a 1990, ya kawo matakan shiga sirri waɗanda masihirci yake hawa ta hanyar jarrabawa. A Mage: The Ascension na 1993 kuwa duniya da kanta ce take hukunta wanda ya yi abin da idon jama'a bai yarda zai yiwu ba, saboda haka gwani shi ne wanda yake sa aikinsa ya yi kama da katari.

Ambaliyar shekarun 1990

Akwai wani lissafin kasuwa da ya bayyana abin da TSR ya yi a wannan zamani. Littafin labarin kasada alƙalin wasa kaɗai ke sayensa, mutum ɗaya a kowane tebur, amma littafin da ke ƙara wa tauraro iko kowane mai wasa yana iya saye. Don haka aka fitar da The Complete Wizard's Handbook da takwaransa na malaman bauta a 1990, sai Tome of Magic a 1991 wanda ya kawo masihircin da asirinsa ke iya ƙwacewa ya haifar da ɗaya daga cikin sakamako 100 na wani jadawali, sai Player's Option: Spells & Magic a 1996 wanda ya shigo da tsarin maki a hukumance, shekaru 20 bayan masu wasa sun fara neman sa. Yawan asiran da suka watsu a littattafai da mujallar Dragon ya kai har sai da aka tattara na masihirta kaɗai cikin mujalladi huɗu tsakanin 1996 da 1998.

Wasu daga cikin ayyukan wannan zamani sun yi fice ta fuskar tunani. Dark Sun na 1991 ya sa sihiri yana zuƙe ran tsirrai ya mayar da ƙasa toka, don haka duniyarsa ta zama hamada kuma jama'a suka tsani masihirta. Al-Qadim na 1992, na Jeff Grubb da Andria Hayday, ya ɗauko yanayinsa daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya waɗanda masu karatun Hausa suka daɗe da sani, ya kawo wani masihirci mai suna sha'ir, bisa tsohon imanin Larabawan jahiliyya cewa kowane mawaƙi yana da aljanin da ke ba shi baiti. Shi sha'ir ba ya haddace komai, yana da ƙaramin aljani ne da yake aika ya nemo masa asirin da yake so, aiken kuma yana ɗaukar lokaci, yana iya dawowa hannu rabbana. An ware masa littafin ƙari na kansa a 1994. Sai dai yawan duniyoyi da littattafai ya raba masu saye gida-gida, kaya suka yi kwantai, bashi ya taru, har kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR a 1997, shi kuma Wizards ɗin kamfanin Hasbro ya saye shi a 1999.

Buɗaɗɗen lasisi da abin da ya biyo baya

Bugu na uku na wasan da Wizards ya gada daga TSR ya fito a 2000 tare da wani lasisi, wanda Ryan Dancey ya jagoranci samar da shi, da ya halatta wa kowa ya wallafa littafin ƙari bisa ginshiƙin dokokin wasan ba tare da biyan ko sisi ba. Ƙananan kamfanoni suka yi ca, kuma The Book of Eldritch Might na Monte Cook, wanda aka sayar ta intanet a 2001, ya nuna cewa ana iya cin riba ba tare da an je maɗaba'a ba. Wannan lasisi ne ya ba Chris Dolunt hanyar fitar da Nyambe a 2002 ta hannun Atlas Games, duniyar ƙage da aka gina bisa al'adun Afirka, mai sihirin da ya jingina ga kakanni da iskoki. Shi kansa kamfanin Wizards ya fitar da Complete Arcane a 2004, da Spell Compendium mai asirai fiye da 1,000 a 2005, da wani sabon Tome of Magic a 2006 mai tsare-tsare uku, ciki har da na ƙulla alkawari da ruhohi da na sanin sunan gaskiya na abubuwa.

Sakamakon wannan yalwa shi ne tsohuwar matsala ta ƙara tsanani, domin ƙarfin mayaƙi yana ƙaruwa ne kaɗan-kaɗan yayin da na masihirci yake ninkuwa da kowane sabon littafi, kuma asirai biyu da marubuta biyu suka rubuta ba tare da sanin juna ba suna iya haɗuwa su rusa wasa. Bugu na huɗu na 2008 ya magance abin ta hanyar ba kowane tauraro, mayaƙi ko masihirci, iko iri ɗaya a tsari, amma masu wasa da yawa suka ga sihirin ya rasa abin da ya bambanta shi, suka koma ga Pathfinder na kamfanin Paizo wanda ya fito a 2009 ya riƙe tsohon gini, ya kuma fitar da nasa Ultimate Magic a 2011. Bugu na biyar na 2014 ya ɗauki matsakaiciyar hanya: ya bar wa masihirci ƙananan asirai marasa iyaka, ya riƙe ƙidaya ga manya, ya kafa dokar da ta hana shi riƙe manyan asirai masu ɗorewa fiye da ɗaya a lokaci guda, sannan kamfanin ya rage yawan littattafai ƙwarai, ta yadda manyan littattafan ƙarin zaɓi suka zo da tazara, Xanathar's Guide to Everything a 2017 da Tasha's Cauldron of Everything a 2020.

A 'yan shekarun nan muhawarar ta ƙaru da wata tambaya, wato wa ke da bakin rubuta sihirin da aka jingina ga al'adun wasu. Ayyuka irin su Al-Qadim yawanci Amurkawa ne suka rubuta su daga nesa, bisa abin da fassarorin Turawa da finafinai suka nuna musu, shi ya sa da Paizo ya sake fitar da yankinsa mai kama da Afirka a The Mwangi Expanse a 2021, wanda a cikinsa ne makarantar sihiri mafi tsufa ta duniyar wasan take, ya ɗauko marubuta baƙaƙen fata da dama cikin aikin. Batun mallaka ma ya taso a Janairun 2023, lokacin da labari ya fita cewa Wizards yana shirin janye lasisin 2000, masu wasa da ƙananan mawallafa suka yi bore, kamfanin ya fasa, ya kuma saki ginshiƙin dokokin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons wanda ba a iya soke shi.

Kammalawa

Idan aka dubi wannan tarihi gaba ɗaya za a ga zagaye guda yana maimaita kansa, inda babban littafi yake kafa iyaka, littattafan ƙari su yi ta sassauta ta domin abin da masu saye suke so ke nan, har nauyin ya yi yawa a fitar da sabon bugu a share fage a sake farawa. Littattafan da suka tara asirai kawai sukan mutu tare da bugun da aka rubuta su dominsa, amma waɗanda suka kawo sabuwar amsa ga tambayar abin da masihirci zai biya, ko hadda ce, ko gajiya, ko biyayya, ko shekarun karatu, ko hankalinsa, ko lafiyar ƙasar da yake takawa, su ne masu tsara wasanni suke ci gaba da komawa gare su. Ingancin littafin ƙarin sihiri yana ga hikimar iyakar da ya gindaya, ba ga yawan ikon da ya raba ba.